Selman Waksman: Masanin ƙasar noma da gubarsa ta zama maganin sankarar yara

Ƙamshin nan da ƙasa ke fitarwa bayan ruwan farko na damina, aikin wasu ƙananan halittu ne dangin bakteriya da ake kira Streptomyces. A kansu Selman Waksman ya ƙarar da rayuwarsa. Duniya ta san shi da streptomycin, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka, amma sinadarin da ya fara ganowa kafin wannan, wanda ya jingine saboda tsananin dafinsa, shi ne har yau likitocin yara ba su rabu da shi ba.

An haifi Waksman a ranar 22 ga Yulin 1888 a Nova Pryluka, wani ƙaramin gari a Yukren ta yanzu, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Iyayensa Yahudawa ne, kuma dokokin daular sun taƙaita yawan Yahudawan da za su shiga jami'a. Yana yaro cutar mashaƙo ta kashe ƙanwarsa. A 1910 ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya sauka a gonar 'yan uwansa a jihar New Jersey, daga nan ya shiga sashen aikin gona na Rutgers. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya a 1918, sannan ya koma Rutgers inda ya zauna har ya yi ritaya.

Ba likita ba ne, kuma shekara ashirin na farkon aikinsa ba su da alaƙa da asibiti. Abin da ya dame shi shi ne yadda ganye da tushe ke ruɓewa su zama taki. Sai dai ya daɗe da lura cewa halittun cikin ƙasa suna yaƙar juna da sinadarai. A ƙarshen shekarun 1930 ya mayar da ɗakin gwaje-gwajensa wurin farautar waɗannan makamai, ɗalibansa suna tace samfurin ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

A 1940 shi da ɗalibinsa Boyd Woodruff suka fitar da wani jan sinadari da suka raɗa wa suna actinomycin. Yana hallaka bakteriya ko da an tsarma shi ƙwarai, amma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe ɓeran gwaji. Maganin da ke kashe cuta tare da mai cutar ba shi da kasuwa, don haka aka ajiye shi.

A 1943 wani ɗalibin, Albert Schatz, ya gano streptomycin. Suna da dukiya suka biyo baya, rigima ma haka. Schatz ya maka malaminsa a kotu a 1950, aka sasanta bisa amincewa da shi a matsayin abokin ganowa tare da ba shi kaso cikin kuɗin. Duk da haka Waksman kaɗai aka bai wa kyautar Nobel a 1952. Tsarin binciken nasa ne, babu ja, amma yadda ya rage darajar aikin ɗalibinsa tabo ne da tarihi bai goge masa ba.

Actinomycin kuwa ya dawo ta wata ƙofa. A farkon shekarun 1950 masu bincike a Jamus suka nuna cewa wani nau'insa na hana ƙarin sankara girma a jikin dabbobi. Likitan nan na Boston, Sidney Farber, ya karɓi nau'in da ake kira actinomycin D ya gwada shi a kan yara masu sankarar ƙoda ta Wilms, wadda ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙarin ya riƙa motsewa, har wanda ya riga ya bazu zuwa huhu, musamman idan an haɗa da gashin haske. A 1964 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan dactinomycin.

Sirrinsa yana cikin siffarsa. Yana da wani sashe shimfiɗaɗɗe da ke kutsawa tsakanin matakalan DNA, ya maƙale a inda sinadaran guanine da cytosine ke maƙwabtaka. Idan ya zauna a nan, ƙwayar halitta ba ta iya kwafo saƙon da ke cikin DNA zuwa RNA, sai sarrafa furotin ya tsaya. Ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa su ke fara jigata, wato na sankara, amma har da na ɓargo da na baki da hanji da saiwar gashi. Shi ya sa ake auna shi da ƙanƙanin ma'auni, a kuma ɗura shi ta jijiya da taka-tsantsan, domin idan ya tsiyaya a ƙarƙashin fata yana cin nama.

Wannan hali nasa ya sa ya zama kayan aiki a ɗakunan bincike. Masana kan zuba shi don tsayar da samar da sabon RNA cak, su ga tsawon lokacin da tsohon zai ɗauka kafin ya lalace. Da haka aka fahimci abubuwa da dama game da yadda ƙwayar halitta ke kunna umarninta da kashe shi.

Yau ana amfani da shi wajen sankarar tsoka da ta ƙashi a yara, da kuma wadda ke tasowa daga mabiyiya bayan juna biyu, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙasashe masu arziki kusan yara tara cikin goma masu sankarar Wilms suna warkewa. A Afirka kudu da Sahara adadin ya yi ƙasa sosai, saboda jinkirin zuwa asibiti da yankewar jinya don rashin kuɗi, ko da yake asibitoci a Ghana da Kamaru da Malawi na bai wa yara shi tare da vincristine kafin tiyata. Streptomycin da ya jawo Nobel kuwa ya fita daga sahun farko na magungunan tarin fuka, bayan ƙwayar cutar ta koyi bijire masa.

Waksman ya zuba kaso mai yawa na kuɗin streptomycin wajen gina cibiyar nazarin ƙananan halittu a Rutgers, wadda aka buɗe a 1954 kuma take ɗauke da sunansa yanzu. Ya rasu a jihar Massachusetts ranar 16 ga Agustan 1973 yana da shekara 85, watanni kaɗan bayan rasuwar Farber.