Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Zazzau

Idan ana tarihin ƙasar Hausa a ƙarni na 19, sarakuna da malamai da mayaƙa aka fi ambata. Mu kuwa a wannan shekara mun zaɓi mu ba da tarihin wani magini, wato Muhammadu Durugu, wanda ake kira Malam Mika'ilu, amma aka fi saninsa da Babban Gwani. Dalilinmu shi ne aikin da aka ba mu a darasin zanen gini ya kai mu ga sanin irin ilimin da ke kan wannan bawan Allah.

Muhammadu Durugu ya yi zamani da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Lokaci ne da ake kafa sababbin garuruwa bayan jihadi, kowane sarki yana bukatar masallaci da fada da ganuwa. Masu ba da tarihin baka sun ce daga Sakkwato aka ba shi laƙabin Babban Gwani, aka ɗora shi a kan sauran magina. A birnin Zariya ya zauna, kuma akwai unguwa a cikin birnin mai ɗauke da sunansa.

Babban aikinsa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina kusa da fada a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bai yi amfani da siminti ko ƙarfe ba. Kayan aikinsa su ne waɗanda muka saba gani a nan Kurugu da sauran garuruwan Karaye da Rogo: jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, da tubali, da igiya, da azara wadda ake fasawa daga itacen giginya. Magina sun fi son azara domin tana da ƙarfi, kuma gara ba ta cika cin ta ba.

To, amma azara tana da iyaka. Idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita 2, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. Wannan awo guda ɗaya shi ke hukunta komai a ginin soro. Mai son ɗaki ya fi haka faɗi sai ya nemi dabara, dabarar kuwa ita ce bakan gizo. Magini zai dasa azara a jikin bango ta karkato ciki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, sa'an nan ya ɗora wata ta zarce ta farko. Haka zai yi ta yi daga ɓangarori biyu har ƙafafun bakan su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna, sai su raba rufin zuwa ƙananan gurabe da azara za ta iya ratsawa. Irin wannan rufi ne ake kira ɗaurin guga.

Babban Gwani ya tarar da wannan dabara a hannun magina, amma shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. Ya rufe babban ɗakin sallar da tulluwa shida, wato ƙubbobi, waɗanda ke zaune a kan bakuna masu tasowa daga manyan ginshiƙai da kuma jikin bango. Ya yi wa ginshiƙan ado da zane mai tudu da kwari. A harabar kuma ya gina zauruka na shiga da ɗakin shari'a. Duk wannan ya yi shi ba tare da zane a takarda ba. Awon yana kansa, da kamu da taƙi yake aunawa, ya kuma san cewa in faɗin ɗaki ya ƙaru, dole kaurin bango da tsayin baka da yawan azara su canza tare.

Sunansa ya kai nesa. Ana danganta masa gine-gine a wasu masarautu, ciki har da Gidan Madaki na Kafin Madaki a Jihar Bauci, wanda ke cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ke karewa. Game da ƙarshensa kuwa, labarin da ya fi yaɗuwa a bakin mutane shi ne an gayyace shi Birnin Gwari ya yi gini, da ya gama sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Zuriyarsa sun ci gaba da riƙe sana'ar a Zariya.

Masallacin ya tsaya fiye da shekara ɗari ana yi masa yaɓe. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe tsohon, wasu sassa suka salwanta. Abin da ya taimaka shi ne wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna ginin ya zana shi dalla-dalla. Da wannan awo aka gina kwafinsa a Jos, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Dmochowski ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990.

Yanzu bari mu faɗi yadda muka haɗu da Babban Gwani. Malaminmu ya umarce mu mu yi ɗan samfurin soro mai ɗaurin guga, a kan ma'aunin 1 bisa 20. Ke nan azara mai mita 2 ta zama tsinke mai santimita 10. Muka samo yumɓu da tsinken tsintsiya da zare, muka ce ai aikin yini ɗaya ne. Samfurin farko ya rushe tun kafin magariba, domin mun haɗa bakan gaba ɗaya ƙasa tana ɗanya. Na biyu ya tsaya, amma da malam ya ce mu ƙara faɗin ɗakin, sai bangon ya buɗe, don mun faɗaɗa baka mun bar bango yadda yake. Sai da muka je wurin wani dattijon magini a cikin gari, ya nuna mana yadda ake ƙara wa gindin bango kauri, da yadda ake jira kowane ɗauri ya bushe. Samfuri na uku ya ci mana mako biyu, shi ne ya tsaya.

Daga baya malam ya bayyana mana cewa masu zanen gini na zamani suna da irin wannan tsari a kwamfuta. Maimakon su zana siffar gini kai tsaye, sai su rubuta ƙa'idojin da ke ɗaure awo da awo, in an taɓa ɗaya sauran su gyara kansu. Ya ba mu misalin Antoni Gaudi na Basalona a ƙasar Sifen, wanda ya rayu daga 1852 zuwa 1926. Shi ya rataya zaruruwa ne daga silin, ya ɗaura musu ƙananan jakunkuna masu nauyi, ya ɗauki hoton yadda suka lanƙwashe, ya juya hoton sama ya koma ƙasa, sai ga siffar bakunan da zai gina. In ya matsar da jaka ɗaya, dukan zaruruwan sai su sauya. Gaudi da zare ya yi lissafinsa, Babban Gwani kuwa da azara, tun kafin a haifi Gaudi.

Abin da ya dame mu shi ne, dattijon da ya koya mana ba shi da yaro ko ɗaya mai koyon ɗaurin guga. Kowa ya koma bulo da kwano, ko da yake duk mun san soron ƙasa ya fi sanyi a bazara. Ilimin da ba a rubuta ba yakan bi mai shi kabari. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai masu zuwa hutu, duk wanda akwai tsohon soro a garinsu ya ɗauki tef da littafi ya auna shi, ya zauna da maginin da ya san yadda aka yi shi. Samfurinmu yana ɗakin zane, ga duk mai son ya gani kafin ya fara nasa.