Urwatu ɗan Zubairu, Allah Ya jiƙansa

'Yan'uwa, wannan Juma'ar muna tuna Urwatu, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Ya je Sham wajen halifa Walidu ɗan Abdulmalik, ƙafarsa ta ruɓe, dole aka yanke ta. Ya ƙi shan abin gusar da hankali, bakinsa na kan zikiri har aka gama. A tafiyar nan dai dabba ta harbi ɗansa Muhammadu, ya rasu.

Mu da barci kan ƙaurace mana in kaya sun maƙale a hanya, mu dubi irin nasa lissafin: ya ƙirga gaɓoɓi ukun da Mai bayarwa Ya bar masa, da sauran 'ya'yansa, ya gode. Ya koma Madina ya ci gaba da karantarwa.