TARIHIN BABBAN BISHOP MARCEL LEFEBVRE (1905–1991) DA DARASINSA GA IKKILISIYA

A ranar murna irin ta cika shekara 50 ya kamata mu duba rayuwar waɗanda suka riga mu cikin aikin bishara, ko da ba na ɗarikarmu ba ne. Mutumin nan ɗan Katolika ne, ya kuma yi hidima shekara 30 a Afirka. Tarihinsa yana da abin koyi, yana kuma da gargaɗi.

HAIHUWARSA DA KIRANSA

An haifi Marcel Lefebvre ranar 29 ga Nuwamba 1905 a garin Tourcoing na arewacin Faransa, cikin gida mai riƙon addini. Mahaifinsa ya mutu a kurkukun 'yan Nazi na Jamus a 1944. An keɓe Marcel ya zama Fada a 1929, sa'an nan ya shiga ƙungiyar 'yan mishan ta Ruhu Mai Tsarki. A 1932 aka aike shi ƙasar Gabon, inda ya koyar, daga baya ya shugabanci makarantar horar da limamai a Libreville.

AIKINSA A AFIRKA TA YAMMA

A 1947 aka naɗa shi bishop a Dakar ta ƙasar Senegal. A 1948 Paparoma Pius na 12 ya mai da shi wakilinsa a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, har da Nijar maƙwabciyarmu. A 1955 ya zama Babban Bishop na Dakar na farko. Ya buɗe makarantu da majami'u, ya kuma horar da 'yan ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, Hyacinthe Thiandoum, wanda shi ya keɓe da hannunsa, shi ne ya gaje shi a 1962. Amma bai ji daɗin yadda guguwar neman 'yancin kai ta zo da sauri ba, dangantakarsa da shugaba Senghor kuwa ta yi tsami. A 1962 aka komar da shi Faransa, aka kuma zaɓe shi shugaban ƙungiyarsa na duniya, har zuwa 1968.

INDA RIGIMA TA TASO

Daga 1962 zuwa 1965 aka yi babban taron bishop-bishop da ake kira Vatican na Biyu. Taron ya ba da izinin yin sujada cikin harshen jama'a maimakon Latin kaɗai. Ya amince cewa kowane mutum yana da 'yancin bin addininsa ba tare da tilas ba. Ya kuma buɗe ƙofar zumunci da sauran Kirista. Lefebvre ya ga wannan sassauci ne ga gaskiya. A 1970 ya kafa ƙungiyarsa mai sunan Pius na 10, da makaranta a Econe, ƙasar Suwizalan. A 1976 Paparoma Paul na 6 ya dakatar da shi daga aiki domin ya keɓe limamai bayan an hana shi.

Ranar 5 ga Mayu 1988 ya sa hannu a takardar sulhu tare da Kadinal Ratzinger, washegari ya janye. Ranar 30 ga Yuni na shekarar ya naɗa bishop huɗu ba da yardar Paparoma John Paul na 2 ba, aka kuwa fitar da shi daga zumunta. Ya rasu ranar 25 ga Maris 1991 yana da shekara 85, ba a shirya ba. Sai a 2009 aka ɗage hukuncin daga kan mutum huɗun nan.

ABIN DA ZA MU KOYA

Na ɗaya, himmarsa. Ya bar ƙasarsa, ya reni waɗanda za su gaje shi. Ikkilisiyar da ba ta horar da matasanta, gona ce da aka cinye irinta tun kafin damina.

Na biyu, harshe. Mu da muka sami Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932 mun san darajar jin Maganar Allah da harshen da aka goya mu da shi. A ranar Fentikos kowa da harshensa ya ji. 'Yan'uwanmu Katolika ma sun ga amfanin wannan: a 2023 aka kafa musu dayosis na Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe haifaffen Malumfashi.

Na uku, 'yancin addini. Abin da Lefebvre ya ƙi, shi ne mu Kiristan Funtuwa da Malumfashi muke roƙo kullum: filin gina majami'a, da 'yancin yi wa Allah sujada cikin salama. Wanda yake so a ba shi, kada ya hana wani.

Na huɗu, tsattsaguwa. Riƙon gaskiya wajibi ne, gama da shi kakanninmu suka tsaya. Amma kowa ya binciki zuciyarsa, ya bambanta koyarwar Littafi da al'adar da ya saba da ita. Sau da yawa ana raba ikkilisiya a kan kujera, ko baiko, ko tsarin waƙa, a ce don gaskiya ne. A karanta Yahaya sura 17 da 1 Korantiyawa sura 1, a ga yadda Ubangiji da manzo Bulus suka ɗauki zancen ɗayantaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dattawa, zumuntar mata da matasa, Allah ne mai shari'ar bayinsa. Namu shi ne mu miƙa wa 'ya'yanmu ikkilisiya ɗaya, mai tsayawa kan Magana, mai tawali'u. Ubangiji ya taimake mu. Amin.