Dorugu, Bahaushe a Ingila

An haifi Dorugu a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bauta, aka kai shi Barno. A Kukawa wani Bajamushe, Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya bi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, suka ratsa Sakkwato har Tambutu. A 1855 suka isa Ingila.

Can ya zauna a gidan Pasto Schön. Ga sanyi, ga baƙon abinci, ga rashin dangi. Ya koyi karatu, aka yi masa baftisma, amma bai yar da Hausarsa ba. Yana ba da labari, Schön yana rubutawa. Ya taimaka wajen juya Bishara cikin Hausa, labaransa kuma suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya komo a 1864, ya rasu a Kano a 1912.

Mu da 'yan'uwanmu na Tozai da Illela masu ƙetare iyaka neman abinci, bari mu tuna da shi. Baƙunci ba ya hana mutum bauta wa Ubangiji da harshen da ya sha a nono.