Audu Baƙo: ɗan sandan da ya fara da ruwa

Duk ɗan Ƙaraye ko Rogo da ya taɓa zuwa bakin dam ɗin Challawa ɗaukar hoto ya san girman ruwan nan. Sai a 1992 aka kammala shi, amma tunanin tare kogunan Kano ya girme shi sosai, kuma sunan da ake fara kirawa shi ne Audu Baƙo.

An haife shi a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ke aiki. Shi ma ya sa kaki a 1942, ya koyar a kwalejin 'yan sanda, ya yi ta hawa har Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi gwamnan farko na Jihar Kano a 1967. Lokacin Jigawa ma tana ciki.

Ya tarar da Kano tana da kasuwa, tana da gyaɗa da fata, ga 'yan masana'antu a Bompai. Abin da babu shi ne ruwan da za a dogara da shi shekara zagaye. To ai masaƙa da majema ruwa suke sha kamar ba gobe, kuma kamfani ba ya tafiya da amfanin gona na damina ɗaya. Shi ya sa ya bi ta tushe: Bagauda tukuna, sannan Tiga, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan aka ja hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura don noman rani, aka ƙara wa birni ruwan famfo. A shekarun 1970 ɗin ne kuma Sharaɗa ta soma cika da masana'antu.

Ba kowa ya ji daɗi ba fa. Tiga ya tashi ƙauyuka, kuma mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu.

Juyin mulkin Yuli 1975 ya sauke shi. Ya koma noma, ya rasu a 1980.

Lissafinsa mai nisa ne ƙwarai. Ku duba: kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa sai 2016 ya buɗe, shekara 42 bayan Tiga, shi ma yau aiki gobe tsayawa. A ganina ruwan bai gaza ba, abin da ya kamata ya biyo bayansa ne bai zo ba, musamman wuta. Masaƙu da yawa a Bompai da Sharaɗa sun rufe, wasu sun zama wurin ajiye kaya. A Ƙaraye kuwa ga ruwa nan kwance a bayan gari, matasa na hawa mota zuwa Kano neman aiki.