Tuna baya: Ƙasimu Yero, ɗan Zariya da ya zama Karambana a Arewa, Gaga a Nijeriya

A watan Maris na 1962 gidan talabijin na gwamnatin Jihar Arewa ya fara watsa shirye-shirye daga Kaduna, ƙasa da shekara uku bayan na Ibadan, wanda shi ne na farko a Nijeriya. Lokacin Ƙasimu Yero yana saurayi ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka. A Zariya aka haife shi, don haka yana cikin rukunin farko na samarin Arewa da akwatin hoto ya riska suna tasowa. Tsaransa da yawa sun tsaya a kallo. Shi kuwa ya shige cikin akwatin, kuma da shi aka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar da ya fito. Akwai 'yan kama da ke kwaikwayon malamai, akwai wasan gauta da ake kwaikwayon sarauta a cikinsa, sannan rediyon Kaduna ya riga ya saba wa jama'a da wasannin marubuta irin su Shu'aibu Maƙarfi. Sai dai sabo da abu daban, girmama mai yinsa daban. A idon dattawan wancan zamani, wanda ya tsaya gaban jama'a yana ba su dariya ya zubar da girmansa, kuma ba kowane uba ne zai so ya ga ɗansa a wannan layi ba. Ƙasimu na cikin mutanen da suka sauya wannan kallo, ba da gardama ba, sai da ingancin aiki.

Masu kallon Hausa sun fi saninsa da Karambana, shirin gidan talabijin na Kaduna. Sunan ma ya faɗi halin mai shi: mutum mai shiga sharo ba shanu, wanda ba a tambaye shi ba amma yana da amsa, bai iya ba amma shi ne a gaba, daga ƙarshe abin ya juye a kansa. Irin wannan rawa tana da sauƙin lalacewa, domin ɗan wasan da bai ƙware ba zai mayar da ita ihu da tsalle-tsalle. Ƙasimu bai bi ta nan ba. Yakan tsare gida ya yi wautarsa da cikakken yaƙini, kamar mai zartar da hukunci a zauren alƙali, kuma wannan tsare gidan shi ne abin dariyar. Wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ya san Karambana ido da ido. Kusan kowace ma'aikata tana da nata.

A 1977 gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin na jihohi ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. An yi ƙorafi a kan wannan mataki, domin jihohi sun rasa abin da suka gina da kuɗinsu. Amma ga 'yan wasa ya buɗe wata ƙofa, tunda shirin da aka yi a tasha ɗaya yana iya zagaye ƙasar baki ɗaya a dare guda. Ta wannan ƙofa Ƙasimu ya fita daga Arewa.

Shirin da ya fitar da shi shi ne Cock Crow at Dawn, wanda aka fara nunawa a 1980, aka kuma shirya shi a Jos. Peter Igho da Matt Dadzie ne ƙashin bayansa, bankin UBA ya ɗauki nauyi, Bongos Ikwue ya yi waƙar buɗewa. Manufarsa a fili take: a jawo hankalin jama'a zuwa ga noman zamani, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya kwashe matasa daga gona, gwamnatin Shehu Shagari kuma tana yekuwar bunƙasa noma. Labarin wani magidanci ne mai suna Bello da ya bar birni da iyalinsa ya koma ƙauye. George Menta ya fito a Bello, Ene Oloja ta fito a Zemaye, Sadiq Daba ya fito a Bitrus. Ƙasimu kuwa aka ba shi Uncle Gaga, dattijo mai taurin kai da rigima, wanda ya zame wa masu son sauyi ƙarfen ƙafa.

A nan gwanintarsa ta fi bayyana. Shirin faɗakarwa na gwamnati yakan mutu ne idan kowa a cikinsa mai hankali ne, yana jero darasi kamar malamin gona. Gaga ne ya hana wannan shiri zama lacca. Mai kallo yana jin haushinsa, amma yana gane shi, domin akwai irinsa a danginsu, kuma ba kullum ne tsoron da dattijo yake yi wa sabon abu yake zama marar dalili ba. Ga shi da Turanci aka yi shirin, Ƙasimu kuma bai yi ƙoƙarin ɓoye harshensa na Bazazzagi ba. Ya bar lafazin yadda yake, ya mai da shi wani ɓangare na halin Gaga.

Wannan ya sa ya samu masu kallo iri biyu. A Legas da Inugu Gaga aka sani. A Kano da Katsina Karambana ya fi tashe. A kudancin Kaduna kuwa, daga Kajuru zuwa Kachia har Kafanchan, inda Hausa ce harshen kasuwa, Turanci kuma na makaranta, duka biyun sun shiga gidaje. Ko kuma a ce sun shiga 'yan gidajen da ke da akwatin, domin a lokacin talabijin ɗaya kan tara yaran unguwa guda, wasu a tabarma, wasu ta taga.

Ya kuma fito a Magana Jari Ce, lokacin da NTA Kaduna ta mayar da littafin Abubakar Imam zuwa wasan talabijin. Littafi ne da aka rubuta a Zariya a shekarun 1930, kuma duk wanda ya yi makarantar boko a Arewa ya san akun nan mai ba da labari. Fitowa a cikinsa na nufin yin gogayya da hoton da mai karatu ya riga ya zana a zuciyarsa.

Zamanin bai daɗe ba. Tsuke bakin aljihu da ya biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya rage kuɗin da ake kashewa kan wasanni, aka koma sayar da lokaci ga masu talla. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, kasuwar finafinan bidiyo ta kankama, a 1992 kuma doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Hankalin masu kallo ya koma wani wuri. Abin da ya fi ciwo shi ne makomar ayyukan da kansu: saboda tsadar kaset, tashoshi sun riƙa ɗaukar sabon shiri a kan tsoho, wasu kaset-kaset kuma zafi da ƙura suka cinye su a ɗakunan ajiya. Matashin da ya nemi Karambana a intanet yau, 'yan gutsattsari zai tarar.

Alhaji Ƙasimu Yero ya rasu a Kaduna ranar Lahadi 3 ga Satumba, 2017, kwana biyu bayan Babbar Sallah, yana da shekara 70, bayan ya yi jinya. Shugaba Muhammadu Buhari na cikin waɗanda suka yi ta'aziyyarsa. Sadiq Daba ya bi shi a watan Maris na 2021, sai Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda suka yi tashe tare a Kaduna, a watan Nuwamba na 2023. Allah ya jiƙansu da rahama.