WILLIAM SCAGEL: MAƘERIN DA WUƘAƘENSA SUKA FI SHI TSAWON RAI (1873–1963)

'Yan uwa mazauna birane, a wannan shafi na bana mun kawo muku tarihin wani maƙeri Ba'amurke da ya yi zamansa a ƙauye, bai tara dukiya ba, amma a yau masu tara tsofaffin wuƙaƙe suna biyan dubban daloli a kan wuƙa ɗaya da ta fito daga hannunsa.

An haifi William Wales Scagel ranar 12 ga Fabrairu, 1873, kusa da garin Alpena a jihar Mishigan, ya kuma tashi a ƙasar Kanada. Ya fara da aikin gina gadoji da sarrafa ƙarfen ado. A shekarar 1910 ne ya soma ƙera wuƙa, sa'ad da yake aiki a sansanonin masu saran katako, inda mutum ba ya yabon wuƙa sai ta ci aiki ta rage kaifi.

A 1920 gobara ta cinye maƙerarsa da ke Muskegon. Bai tsaya zaman makoki ba, ya koma garin Fruitport da ke kusa, ya gina wata a kan filin da ya laƙaba wa suna Dogwood Nub, nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Cikin shekarun 1920 kamfanin Abercrombie & Fitch na birnin Niyok, wanda a lokacin kayan farauta da na zaman daji yake sayarwa, ya riƙa karɓar wuƙaƙensa. Ta nan sunansa ya kai kunnen maharba da matafiya.

Aikinsa ba ya ɓuya. Da wuta da guduma yake fitar da ruwan wuƙar, sa'an nan ya gyara ta da hannu. Mariƙinta kuwa sau da yawa rabi faifan fata ne da aka jera aka matse, rabi ƙahon barewar ƙasarsu. A jikin ƙarfen yakan buga sunansa da wata alama mai siffar wuƙar nan mai lauje-lauje ta mutanen Indunusiya. Mutum ne mai ra'ayin kansa: da suka saɓa da kamfanin wutar lantarki, sai ya haɗa wa maƙerarsa wuta da injin da iska ke juyawa da tsofaffin batura. Duk da wannan taurin kai, a lokacin annobar shan-inna ya riƙa ƙera wa yaran da cutar ta nakasa ƙarafan tallafin ƙafa kyauta.

Abin da ya ɗaukaka sunansa ya faru ne ba da saninsa ba. Wajen 1937, a bakin tafkin Walloon, wani matashi ɗan Filorida mai suna Bo Randall ya ga wani mutum yana kankare fenti daga jikin kwale-kwale da wuƙar Scagel, wuƙar kuwa ko gezau. Ya saye ta, ya koma Orlando yana gwada yin irinta, har a 1938 ya kafa Randall Made Knives. Sojojin Amurka sun riƙe wuƙaƙen Randall a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ɗan sama jannati Gordon Cooper ya tafi da ɗaya sararin samaniya a 1963. A wannan shekarar, ranar 26 ga Maris, Scagel ya rasu yana da shekara 90.

Masu tara irin waɗannan wuƙaƙe abu uku suke dubawa kafin su fitar da kuɗi. Na farko alamar maƙeri, domin jabu sun yi yawa. Na biyu halin da ruwan wuƙar yake ciki: wadda aka wasa har ta sirance, ko aka goge duhun tsufanta don ta yi ƙyalli, darajarta ta faɗi. Na uku kube. Fata ta fi ƙarfe saurin lalacewa, don haka wuƙar da ta zo da kubenta na asali ta fi wadda aka yi wa sabo nesa ba kusa ba. Kuben yakan ma faɗi shekarun wuƙa. Masana wuƙaƙen Randall, alal misali, suna duba ɗinki da maɓalli da tambarin kuben da kamfanin Heiser na Denba ya ɗinka, mai ɗan aljihun dutsen wasa wuƙa, su gane zamanin da aka yi ta.

Mu ma jikokin maƙera da dukawa ne. Da yawanmu mun bar wuƙar kaka a ƙasan adaka a gida, cikin kubenta na jar fata, tsatsa na ci. Idan mun je gida hutun bana, mu fito da ita, mu shafa wa ƙarfen mai, mu ajiye ta dabam da kuben a wuri marar danshi, domin fata na riƙe laima. Mu kuma tambayi dattawa wanda ya ƙera ta da wanda ya ɗinka kuben, mu rubuta. Scagel ya buga sunansa a jikin ƙarfe, namu maƙeran kuwa sunayensu a bakin tsofaffi kawai suka rage.